Kafin ka sake wa injin turbo kamshaf

A shekarun da na yi a garaji, ba abin da na ga yana cinye kuɗin samari masu son tsere kamar kamshaf, wanda bakanikanmu ke ce wa arbre à cames. Yaro ya gani a bidiyo, sai ya ce: "Maigida, a sa mini babba, mota ta tashi sama."

Kamshaf sanda ce mai ƙusumbi-ƙusumbi, ita ke buɗe supap ta shigar iska da ta fitar hayaƙi. Bilbirikan ya juya sau 2, ita ta juya sau 1. Ta tsere tana buɗe supap da zurfi, ta kuma daɗe ba ta rufe ba. Akwai ɗan lokacin da supap biyun suke buɗe tare. A injin da ba turbo, wannan lokacin yana taimakon injin ya ja iska idan yana juyawa da ƙarfi.

To amma turbo da hayaƙi yake aiki. Hayaƙin kan taru gaban turbo, sau da yawa matsinsa ya fi na iskar da ake turowa. In supap biyun suka daɗe a buɗe tare, sai hayaƙi ya komo cikin silinda, ya ƙara zafi, ya ɓata ƙonewar esansi. Mota ta yi ta karkarwa a tsaye, turbo ya makara, ƙarfin tashi ya ragu.

Manyanmu sun ga Peugeot 205 Turbo 16 da ta ci tseren Paris-Dakar a 1987 da 1988, lokacin da ake bi ta Agadez. Injinta bai kai lita 2 ba. An auna turbo, kamshaf da shigar mai, kowane ya dace da ɗan uwansa, shi ne sirrin.

Don haka ga abin da nake ce wa yarana. Ka fara sanin girman turbonka, sannan ka zaɓi kamshaf da aka ƙera don turbo. Ka sake resor na supap da masu ƙarfi. Ka auna tazarar supap da fistan, don in suka yi karo, injin ya tafi ke nan. Daga ƙarshe a sake daidaita kwamfutar motar. In kuɗinka bai kai duka ba, ka bar na kamfani, wallahi ya fi maka.

Kuma gudun nan, a filin tsere ake yin sa, ba cikin gari ba. Allah ya tsare mu.