Ga Wanda Bai Ga Sunansa a Jerin Ƙarin Girma Ba



Duk lokacin da sakamakon jarrabawar ƙarin girma ya fito, sakateriya takan rabu gida biyu. Wasu ana ta yi musu barka, wasu kuma sun duba jerin sunaye daga sama har ƙasa, sun sake dubawa, sun mayar da waya aljihu ba su ce uffan ba. Da waɗannan na biyun nake magana. Abin da ciwo, domin ba maki kaɗai aka rasa ba. An rasa ƙarin albashin da aka riga aka yi wa lissafi, ga shi kuma wanda ka koya wa aiki jiya yana shirin zama shugabanka. Allah Ya ba da haƙuri, Ya sa jinkirin ya zama alheri.

Maganar da za ka fi ji a ƙarƙashin bishiyar ajiye motoci ita ce, "Ai sai kana da hanya." Ba zan ce babu son kai a ƙasar nan ba, kowa ya san akwai. Amma ina roƙonka kada ka kwana a kan wannan magana, don ba ta ƙara wa kowa maki ko ɗaya. A tsarin da aka daɗe ana bi a aikin gwamnatin tarayya, jarrabawa ce ke ɗauke da kashi 70 cikin 100, rahoton ƙwazon aiki 20, daɗewa a kan muƙami 10, kuma ana neman a haɗa aƙalla 60. Kaso mafi tsoka ke nan yana hannunka. Sannan cin 60 ɗin ma ba ya wadatarwa idan gurabe sun yi kaɗan, na sama ake fara ɗauka. Wanda ya shiga da niyyar ya tsallake da ƙyar, tun a gida ya rage wa kansa dama.

Abin da na lura yana kayar da ƙwararrun ma'aikata shi ne dogaro da daɗewa a ofis. Mutum ya ga tun kafin a haifi wasu yake ɗaukar fayil, me za a tambaye shi wanda bai sani ba? To, yadda ake yi a ofis daban, abin da doka ta rubuta daban, kuma jarrabawa doka take tambaya. A ofishinku mai yiwuwa a ba mutum takardar tuhuma ya yi mako biyu bai amsa ba, a wuce wurin. Kundin Dokokin Aikin Gwamnati kuwa sa'o'i 72 ya bayar. A baki, dakatarwa duk dakatarwa ce. A kundin iri biyu ce, akwai wadda ake biyan mutum rabin albashi kafin a kammala bincike, akwai wadda ake tsayar da albashin ɗungurungum. Yawan makara da barci a bakin aiki suna rukunin ƙananan laifuffuka, amma ƙin zuwa aiki ba tare da izini ba yana cikin manyan laifuffukan da ke iya kai mutum ga kora, tare da cin hanci da sauya bayanan takardu. Irin waɗannan bambance-bambance masu kama da juna su mai shirya tambaya yake jerawa a matsayin zaɓi huɗu, kuma wanda ya amsa da abin da ya saba gani a ofis shi ke faɗawa.

Sai kuma 'yan littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin ƙofa. Suna da amfani wajen gwada kai, amma da yawansu an tattara su ne daga kundin 2008, alhali an sabunta dokokin a bugun 2021, wanda ya fara aiki a 2023. Tsohon littafi bai san da hutun kwanaki 14 na aiki da ake bai wa magidancin da matarsa ta haihu ba. Wa'adin shekara 8 na darakta an kawo shi a 2009, an jingine shi a 2016, sabon kundin ya dawo da shi. Ka ga mutum na iya haddace amsa tsaf, kuma amsar ta riga ta mutu. Ka nemi kundin na ainihi, ka haɗa da Dokokin Kuɗi na 2009, da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da sassan Kundin Tsarin Mulki na 1999 da suka shafi aikin gwamnati. Ka kuma bi takardun sanarwa da ke fitowa daga Ofishin Shugaban Ma'aikata, waɗanda akan liƙa a allo mu wuce ba mu karanta ba. Ma'aikatan jihohi su nemi na jiharsu, don kowace jiha da nata kundin, ko da yake galibi sun ɗauko daga na tarayya.

Batun kwamfuta kuma kada a raina shi. Yanzu jarrabawar tabbatar da aiki da ta ƙarin girma sun koma kan na'ura, sau da yawa a cibiyoyin JAMB. Na ga dattijo mai ilimi, wanda zai iya rubuta takardar ofis ba tare da kuskure ko ɗaya ba, yana riƙe da linzamin kwamfuta hannunsa na rawa, idonsa a kan agogon da ke kusurwar allo maimakon a kan tambaya. Wannan ba rashin sani ba ne, rashin sabo ne, kuma maganinsa mai sauƙi ne. Ka je shagon intanet, ko ka sa ɗanka da ya rubuta JAMB ya zaunar da kai, ku sa lokaci, ka yi ta gwaji har hannu ya saki. Babu abin kunya a nan. Ka koyi tsallake tambayar da ta maƙale ka dawo mata daga baya.

Abu guda nake so ka yi a wannan makon, tun kanka bai huce ba. Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk tambayar da ka tuna ta ba ka wahala, ka duba daga wane babi ta fito. Wannan takarda ta fi duk wani littafi da za ka saya, don ita ce ke nuna inda kake da rauni, ba inda kowa yake da shi ba. Bayan wata guda yawancin tambayoyin za su gushe maka. Sannan ka samu abokan aiki uku ko huɗu, har da wani daga sashen kuɗi idan kai na sashen mulki ne, ku riƙa zama bayan an tashi kuna yi wa juna tambayoyi. Rabin sa'a kullum bayan sallar asuba ta fi kwanan zaune a daren jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma da Allah Ya ba nasara a wannan karon, don Allah kada ku jefa littattafanku a ƙarƙashin gado. Ku miƙa wa na kusa da ku, ku gaya musu yadda kuka shirya. Wanda yake da sabon kundin a wayarsa ya tura wa abokin aikinsa yau.