Wane idon kyamara ya dace da hoton dabba a cikin ɗaki?

Ni mai kiwon tantabaru ne a Talata Mafara, kuma yanzu yawancin cinikina a WhatsApp ake ƙulla shi. Ga yadda hanya ta zama, mai saye daga Bakura ko Maradun ba ya tasowa sai ya ga hoto. Hoton ne ke yanke farashi.

Matsalar ita ce, ɗakin tantabaru duhu gare shi. Shi ya sa cikin idanun da ke bayan waya, ni 1x na riƙe. Ya fi sauran shan haske, don a wayoyi da yawa kafarsa wajen f/1.8 ce, kuma ƙaramar lamba na nufin kafa mai faɗi. Shi 0.5x, da ka matso sai ya kumbura kan tsuntsu ya tsuke jela, mai saye ya ɗauka ba shi da lafiya. 2x kuwa a ƙananan wayoyi yanko hoton 1x kawai yake yi, ya fito dishi-dishi.

Kashe filasha, razana su take yi. Goge gilashin, buɗe ƙofa haske ya sauka kan tsuntsun, durƙusa daidai idonsa, ka ɗauki biyar a jere. Ko rago ne a turke, haka za ka yi.