Ƙarar taya ba gudu ba ne

Ran nan muna cikin darasin lissafi, wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, in ana tsere, yaya ake tayar da mota ta wuce ta kusa da ita?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don bara na je gaida wani tsohon ɗalibina da ya karye a cinya wurin wasan mota a ayarin biki, a nan Yamai. Har yau da sanda yake tafiya.

Na so in tsawata masa, sai na tuna tsawa ba ta taɓa hana yaran nan taruwa bakin kwalta da dare ba. Na ɗauki alli.

Na ce masa taya tana tura mota ne muddin tana riƙe da ƙasa. Wanda ya take totur har ƙarshe ya saki kuloci gaba ɗaya, tayarsa za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ga ƙara ga hayaƙi, motar kuwa tana nan. Gwanin shi ne mai ɗaga injin kaɗan, ya saki kuloci sannu, ya ƙara wuta gwargwadon yadda taya ta kama. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Sai na kai su Amurka, inda wannan tsere ya yi ƙarfi. Tsawon filinsa mita 402 ne, a killace, ana shafa masa abu mai danƙo, ga tayoyi na musamman, ga motar asibiti a gefe. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a janye matasa daga tsere a kan titi. Mu kuwa fa? Tsohuwar taya, kwalta mai yashi, ga ɗan kabu-kabu, ga amalanke, ga yarinya mai talla.

Muka yi lissafi tare. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafa ta kai kan birki. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ta ninka huɗu. Na sa muka fita tsakar makaranta muka auna mita 28 da taku. Ba wanda ya sake dariya.

Ban ce na raba shi da sha'awarsa ba. Washegari dai ya zo da littafi, ya lissafa tazarar tsayawa a gudun kilomita 60, ya kuma yi daidai.

Ƴan'uwana malamai, in yaro ya kawo irin wannan tambaya, mu amsa masa. In mun kore shi, wani zai amsa a bakin titi. Iyaye kuma, makullin motar nan da ke kwana bisa tebur, wa ke ɗaukarsa bayan kun yi barci?