Wa Ake Saurare Wajen Raba Faɗa?

 Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa masu faɗa suke jin maganar wani, su ƙi ta wani? Tarihin Janar Abdulsalami Abubakar ne ya ba ni amsa.

An haife shi a Minna a 1942. Da Janar Abacha ya rasu a watan Yuni 1998, mulkin Nijeriya ya faɗo hannunsa. Ga soja ga bindiga, da ya so zarcewa wa zai hana shi? Amma ko shekara bai cika ba ya shirya zaɓe, ya miƙa wa Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999.

A 2003 ƙungiyar ECOWAS ta naɗa shi mai shiga tsakani a yaƙin Laberiya, aka zauna a babban birnin Gana har aka sa hannu kan sulhu. A 2015 kuma ya haɗa Jonathan da Buhari, suka yi alkawarin zaɓe ba tashin hankali.

Ni dai a ganina, wanda ya saki kujera da kansa shi ne zai ce wa wani ya saki, a ji. Kai ma in za ka sasanta 'yan ajinku, kada a ga kana da rabo cikin abin da ake rigima a kai.