Gaiwa da Sauran Mazauna Ruwanmu



Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, gona ce ke bin gona, kusan babu daji. Shi ya sa baƙo ke mamaki idan na ce masa da kifi muka tashi. Ruwan namu shi ne kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini, da ramukan masu fasa dutse, sai madatsun Tomas da Jakara da aka gina a shekarun 1970.

Masunta masu nutso sun fi kowa sanin abin da ke ƙasan ruwan nan. Ruwan dagwalo ne, ido ba ya aiki, don haka da hannu suke lalube. Karfasa ƙayar bayanta ke nuna ta. Tarwaɗa santsi gare ta, ga gashin baki. Ƙurungu yana da ƙaya mai tsananin zafi, minjirya kuwa tana sakin lantarkin da kan kai bolt 350, wanda ke kashe hannu na ɗan lokaci.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce gaiwa. Allah Ya hore mata huhu, tana shaƙar iska kamar ni da kai. Idan rani ya ƙafar da fadama, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da majina da ke bushewa ta zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofar numfashi. Haka za ta yi watanni ba ci ba sha. Iyayenmu sukan ce gaiwa jikinta take ci, kuma masana sun tabbatar da cewa tsokarta ce ke narkewa a hankali ta riƙe ta har saukar damina.

Na daɗe ina tunani a kan wannan halitta. Ba ta san ranar da ruwa zai sauka ba, amma ta yi tanadi ta jira. Matashin da ya gama karatu bai samu aiki ba, yana da abin dubawa a nan: haƙuri ba ya hana shiri.

Sai dai abin da ya jure fari ba lallai ya jure ɓarnarmu ba. Kogin Jakara yana kwaso dattin birni, rafin Getsi na ƙara masa ruwan masana'antun Bompai, duk su tare a Wasai, inda ake su ana kuma noman rani. A ƙauyuka kuwa, wasu na tace kududdufi da gidan sauro, su kwashe har 'ya'yan kifi. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?

Ruwan nan amana ne. Idan ka ga ƙanenka da gidan sauro a bakin ruwa, zaunar da shi ka yi masa bayani.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.