Kwana 22 a Kan Keke: Tafiyarmu Zuwa Tsaunin Obudu

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni kuwa sai in ƙara da cewa, ga ɗalibin harshe, tafiya jarrabawa ce wadda ba a sanar da ranarta. Shi ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin zuwanmu tsaunin Obudu da ke Jihar Kuros Riba, ni da abokaina uku, a wani hutun ƙarshen zango.

Wanda ya kawo shawarar ɗan ɗakinmu ne mai karatun injiniya, wanda ba shi da zance sai na keke. Ya samo kekuna biyu irin na hawan dutse, masu kaurin taya da giya da yawa da birki gaba da baya. Muka ɗaure su a saman tsohuwar motar yayansa, muka haɗa kuɗin mai, muka bar Inugu da sassafe. Muka ratsa Abakaliki, garin shinkafa, muka miƙe sai Ogoja.

A tashar Ogoja muka tsaya wajen wani mai shayi Bahaushe. Da na yi masa sallama na tambaye shi hanya, sai ya ce, "Samari, ku bi a hankali, akwai kwana 22 kafin ku kai sama." Ɗaya daga cikinmu, wanda ya tsinci 'yar Hausa a kasuwa, ya zabura ya ce shi kwana uku kawai ya nemi izini a gida. Mai shayi ya yi dariya har ya ajiye buta. Na bayyana wa abokin nawa cewa kwanan barci da dogon wasali yake farawa, kwanar hanya kuwa da gajere, kuma karin sautinsu ya bambanta. Abin da muke ƙorafi a kai a ajin tsarin sauti, ga shi ya yi rana a bakin titi.

Daga garin Obudu akwai tafiyar kimanin kilomita 60 ta Sankwala kafin a kai wurin shaƙatawar. Kilomita 11 na ƙarshe su ne masu kwana 22 ɗin, ciki har da wadda ake kira Gwiwar Hannun Shaiɗan saboda tsananin lanƙwasarta. Tsaunin yana Ƙaramar Hukumar Obanliku, kusa da iyakar Kamaru, kuma tsayinsa ya kusa mita 1,600. Da yake zafi kan ragu da kimanin digiri 6 a kowane mita 1,000 da aka hau, mun bar ƙasa muna gumi, muka isa sama muna laluben rigunan sanyi.

Asalin wurin gonar shanu ce. Wani Bature ɗan Sikotland mai suna McCaughley da abokansa suka kafa ta a 1951, domin sanyin tsaunin ba ya barin ƙudan tsando ya zauna, ga kuma ciyawa. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa motar igiya mai tsawon kimanin kilomita 4, kuma a shekarar ce aka fara gasar tseren hawan tsaunin da ƙafa. Mutanen Becheve su ne mazauna saman tun kafin zuwan Turawa.

Washegari muka fito da niyyar gangarowa a kan kekuna, biyu su hau, biyu su biyo da mota. Injiniyanmu ya yi mana bita. Ya ce a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Kada a damƙe birkin gaba shi kaɗai, domin keke zai kifar da mutum ta ka. Kada kuma a riƙe birki babu saki, don yakan yi zafi ya daina kamawa. Muka sa hulunan kwano. Hazo kuwa ya rufe ko'ina, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma.

Ba mu yi nisa ba sai muka ga wani dattijo Bafulatani tsaye a gefen hanya da sandarsa, yana ɗaga mana hannu. Nan fa hankalin ɗayanmu ya tashi. Shi mutumin Binuwai ne, kuma rikicin manoma da makiyaya ya raba danginsa da gonarsu. Ya ce mu juya, kada wanda ya tsaya. Ban ga laifinsa ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma na roƙe su su ba ni minti biyu.

Na ce, "Sannu Baba, barka da kiwo. Ina gajiya?"

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ba gajiya, ɗana. Ina za ku da kekuna cikin wannan hazo? Yarana sun yi ƙasa da shanu, yanzu suna tsallaka titi. Ku dakata rana ta ɗaga tukuna."

Muka zauna kusan sa'a guda. A cikin hirar na lura Hausarsa tana ɗauke da ƙamshin Fulatanci, kamar yadda tawa take ɗauke da na harshen gidanmu. Shi a kasuwar shanu ya koya, ni a aji. Babu wanda aka haifa da ita a cikinmu, amma ita ce kaɗai gadar da ke tsakaninmu, don shi ba ya jin Turanci, ni kuma ba na jin Fulatanci.

Da hazo ya yaye muka gangara. A bayan wata kwana muka tarar da sawun garke da ɗanyen kashin shanu shimfiɗe a kan kwalta. Kowa ya dubi ɗan'uwansa, babu wanda ya ce uffan. Sauran hanyar kuwa daɗi ne zalla: iska na kaɗa kunne, duwatsu kore shar, gajimare a ƙasa da mu.

Ba zan ce abokina ɗan Binuwai ya sauya ra'ayi ba, hirar sa'a guda ba ta mayar wa mutum gonarsa. Sai dai a hanyar komawa ya tambaye ni yadda ake cewa an gode da Hausa, ya maimaita har sau uku.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu nazarin Hausa a nan Kudu, musamman waɗanda ake yi wa ba'a cewa me za su yi da ita, kada mu bar ta a cikin littafi. Mu gaisa da mai shayi, da mai suya, da makiyayi, ko da kuwa za a yi wa karin harshenmu dariya. Allah Ya sa mu amfana da abin da muke koyo, amin.