Ka Saki Makullin Nan, Babana

Unguwar Jahun,
Bauchi.

Babana,

Ya zaman Kaduna? Takarda na zaɓa domin a waya da zarar na ɗauko zancen sai ka ce "to, Hajiya," ka rufe mini baki da ladabi.

Maganar kayan uwar ɗiyarka ce. Iddarta ta cika tun kafin azumi, ba ka mayar da ita ba, amma har yau makullin gidan Fadaman Mada yana aljihunka. Gwaggonta ta zo nan, ta ce gaisuwa kawai ta kawo. Ni ma mace ce, na san gaisuwar da ke ɗauke da tambaya.

A ɗakinta ya kamata ta yi idda, haka farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya koyar. Sai dai mun saba mace ta karɓi takarda ta yafa mayafi ta fice a ranar, shi ya sa kaya ke kwana a baya. Lokacin da take idda ban ce maka uffan ba, don barin kaya a sannan hikima ce. Muddin gado yana kafe, kowa ya san akwai hanyar biko. Yanzu kuwa wannan hanya ta rufe. In kana son ta, sai da yardarta, da waliyyi, da shaidu, da sabon sadaki. Ka tura kawunka ya nema maka kamar kowa. In kuma ka haƙura, ka sakar mata abinta. Riƙe katifa bai taɓa dawo da mace ba.

Bari in tuna maka na wane ne. Gado da sif da kujeru mahaifinta ya biya kafinta. Kuloli da tukwane da labule mahaifiyarta ta tara da kuɗin adashi, yau ta tsinto wannan a Wunti, gobe wancan a Muda Lawal, tun yarinyar tana sakandare. Guminka bai shiga ciki ba. Sadaki da akwatunan lefe kuwa sun zama nata tun ranar da aka shafa fatiha. Aya ta 20 a Suratun Nisa'i ta hana miji karɓe abin da ya ba matarsa komai yawansa. Da ita ta nemi khul'i, da an yi zancen mayar da sadaki, to amma kai ka rubuta takarda da hannunka. Keken ɗinki da firij ma, a gabana ka ce "naki ne." Kyauta in ta shiga hannu ta bar gida.

Kakanka da ka ci sunansa ya daɗe yana zama gaban alƙalai, tun kafin a ƙaddamar da shari'a a jihar nan a 2001. Yakan ce mana idan ma'aurata suka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, hukuncin da ke cikin littafin Tuhfa shi ne: abin da aka san na mata ne a ba matar ta rantse, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa a ba mijin ya rantse. Ka dubi ƙarshen maganar, rantsuwa. Ban haife ka don ka dafa Alƙur'ani a kan tukunya ba.

Ga yadda nake so a yi. Kawunka ya sami waliyyinta su tsayar da rana. Matan da suka yi jere su za su kwashe, don su suka san abin da suka jera. Kai kada ka zo, ƙanwarka za ta tsaya da takarda da biro, a rubuta komai, kowane ɓangare ya sa hannu. Sarƙar gwal, takardun makarantarta da katin rigakafin yarinya, a damƙa su hannu da hannu. Kuɗin kafintan da zai kwance gado da kuɗin mota daga aljihunka za su fito. A yi da sassafe ko bayan magariba, kada maƙwabta su jeru a ƙofar gida suna ƙirga mata kwanuka. Damina ta kusa, ɗaki a rufe kuwa na gara da ɓera ne, duk abin da aka tarar ya lalace kai za ka biya, domin a hannunka yake amana. Hotunanta na cikin gida da ke wayarka, su ma kayanta ne. Yau ba muharramarka ba ce, ka goge su.

Sannan ka ɗora da kyautar rabuwa da aya ta 241 a Baƙara ta ambata, ko da turmin atamfa ne da ɗan abin da ya sawwaƙa. Mutane sun manta da ita, kai kada ka manta.

Na san akwai abin da aka yi maka da ya yi ciwo, ban ce babu ba. Amma kishiyar tawa ƙarama, ɗiyarka, tana hannun uwarta, kuma a mazhabarmu nan za ta zauna har ta yi aure, sai in wani dalili ya gitta, ci da sha da suturarta a wuyanka. Kenan kai da gidan surukanka ba ku rabu ba. Duk sallah za ka yi sallama a zaurensu, ina so a yi maka shimfiɗa da sakin fuska.

Ka ba direba makullin ya kawo mini kafin Juma'a, sauran ka bar mini. Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa wa kowannenku abin da ya fi alheri.

Mahaifiyarka.